Wane Nagwamatse ne ya yaƙi Turawa?

Bara, gab da bikin 1 ga Oktoba, ina teburin mai shayi a Bosso wani matashi ya miƙo mini wayarsa, gilashinta duk ya tsage, ya ce in karanta. Saƙon ya ce wai Umaru Nagwamatse, sarkin ƙasar Sudan, shi ya jagoranci yaƙin neman 'yancin Nijeriya. Akwai gaskiya a ciki, amma an cuɗa ta da tsakuwa.

Umaru bai yaƙi Turawa ba. Jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa Kontagora, ya rasu a 1876, shekara 24 kafin Lugga, jagoran Turawa, ya kafa tuta a Lakwaja. Wanda ya yi arangama da Turawa ɗan Umaru ne, Ibrahim. Sunan Nagwamatse, daga garin Gwamatse inda Umaru ya taɓa zama, shi ke rikita mutane, don ana kiran uba da ɗa da shi. A farkon 1901 aka ci Kontagora, Ibrahim ya fice, aka kama shi a ƙasar Zazzau a 1902, a 1903 kuma Turawan nan suka mayar da shi gadon sarauta.

Sarkin Sudan kuwa sarauta ce ta gaske, har gobe ita ce ta Kontagora, amma ba ruwanta da Khartum. Sudan a bakin malaman da, ƙasar baƙar fata ke nan.

Sai kalmar da ta fi damuna, yaƙin 'yanci. An yi yaƙi, babu musu: Bida a 1897 da 1901, Burmi a 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi. Amma masarautu ne ke kare kansu daga mamaya, tun ba a haɗa Nijeriya ba. Mulkin kai na 1960 a teburin shawara aka same shi. Masu riƙe da bindigogin Lugga ma akasarinsu baƙaƙen fata ne, da Hausawa a ciki. Haka a Satiru a 1906: talakawa suka tashi, Turawa suka sa wa abin suna tawaye, suka turo soja daga Zungeru, masarautar Sakkwato ta mara musu baya, aka shafe garin. Ni dai bakina ba ya iya kiran talakawan Satiru 'yan tawaye.

Mu da ke Minna muna da ƙarin dalilin auna magana. Ƙasar Gbagyi ce, kuma kafin Bature ya iso, mahayan Kontagora sun sha kai hari ƙauyukansu suna kwasar bayi, mutane suna hawa duwatsu don tsira. Matashin nan ya karɓi wayarsa ya yi shiru. Mai shayin, wanda ashe Bagbagyi ne, ya ajiye ludayi ya ce kakarsa ba ta taɓa ambaton sunan Nagwamatse da dare ba.