Sabon maleji mai lamba a kan babur: yana haske, amma gaskiya yake faɗa?

Idan dare ya yi a Tamale, ko Wa, ko cikin lungunan Ashaiman, ka lura da kawunan baburan da ke wucewa. Da yawansu yanzu ba tsohon agogon nan mai allura suke ɗauke da shi ba. Wani ɗan gilashi ne yake ƙyalli, shuɗi ko kore, lambobi na tsalle a cikinsa kamar fuskar wayar hannu. Samari suna ce masa dijital kawai. Ana samun sa a wurin masu kayan gyara a Abossey Okai cikin Ankara da Suame Magazine a Kumasi, daga nan yake bazuwa zuwa shagunan Arewa. Akwai na kamfanoni masu suna irin su Koso na ƙasar Taiwan, amma mafi yawan wanda ke hannun mutanenmu kwaikwayo ne daga Caina, yana zuwa a kwali da tarin wayoyi da 'yar takarda guda wadda ba kowa ke iya karanta ta ba.

Masu ganin abin gayu ne zalla ba su yi wa masu babur adalci ba. Tsohon malejin da waya yake aiki, wata siririyar wayar ƙarfe da ke juyawa daga tsakiyar tayar gaba zuwa kan babur. Ƙura ta shiga, man ciki ya bushe, sai ta tsinke. Babura nawa ne a Zango suka shekara biyu, uku, allurarsu na kwance a kan sifili? Sabon kuwa ya yi alkawarin komai a fuska ɗaya: gudu, kilomitar da aka ci, yawan mai a tanki, juyin inji, giyar da kake ciki, ƙarfin batir, har da agogo. Ga wanda babur ne gonarsa, musamman wanda aka ba shi ya riƙa biya mako-mako har ya zama nasa, sanin waɗannan abubuwa kuɗi ne a aljihu.

Sai dai gilashin nan bai san gudu ba, ƙirga kawai ya iya. Ana maƙala ɗan maganaɗisu a jikin tayar gaba, a ɗaure wata 'yar na'ura a ƙafar shokozoba kusa da shi. Duk lokacin da maganaɗisun ya gifta, na'urar ta aika saƙo cewa taya ta zaga sau ɗaya. Daga nan sai malejin ya ninka da tsawon zagayen taya, ya fitar da gudu. To wa ya gaya masa tsawon zagayen tayarka? Idan mai sakawa bai shigar masa da shi ba, da lambar da aka bar masa daga kamfani zai yi lissafi, ta wata taya da ba ta taɓa taka ƙasar Gana ba.

Tayar gaba mai lamba 2.75-17, irin ta Boxer, zagayenta kusan mita 1.8 ne, wato tana juyawa sau 550 da 'yan kai a kowace kilomita. Babur mai wili inci 18 kuwa zagayen tayarsa ya fi wannan da kamar santimita takwas. Ka ga ƙaramin abu ne a ido, amma kusan kashi huɗu cikin ɗari ne, kilomita huɗu a kowace ɗari. Wanda ya fi wannan muni shi ne adadin maganaɗisu. Idan an saita malejin a kan guda biyu alhali ɗaya aka maƙala, rabin gudunka zai nuna. Kana kan 60 yana ce maka 30. Dokar hanya ta 2012, wato L.I. 2180, ta tsayar da kilomita 50 a awa a cikin gari, 30 a gaban makaranta da asibiti da kasuwa. Ɗan sandan MTTD ba zai saurari cewa gilashinka ne ya yaudare ka ba, balle yaron da ya tsallako titi daga makarantar allo.

Gyaran wannan bai buƙatar komai sai alli da tef na awo. A zana alli a taya da ƙasa, mai babur ya hau kai don nauyinsa ya danne tayar, a tura har alamar ta sake taɓa ƙasa, a auna tsakani. Wannan lambar, a milimita, ita ake shigarwa. Bayan nan a fita hanya miƙaƙƙa a gwada da manhajar awon gudu ta wayar hannu, a hannun wanda aka goya, ba a hannun mai tuƙi ba. In malejin ya ɗara wayar da kilomita biyu ko uku, bar shi haka. Kamfanonin babur da kansu suna sa nasu ya ɗan ɗara gaskiya, domin ƙa'idar da ake bi a ƙasashe da yawa ta hana maleji ya nuna ƙasa da ainihin gudu.

Wurin da aka fi yin asara shi ne wayarin. Mutane sun ɗauka launin waya yare ɗaya ne a duniya, ba haka ba ne. A tsarin Honda, wanda yawancin baburan Caina suka gada, koriyar waya ita ce at, baƙa kuma ita ke ɗauke da wuta bayan an murɗa makulli. A Yamaha baƙar ce at, mai ruwan ƙasa ke kawo wuta. Baburan Indiya, Bajaj da TVS, su ma da nasu tsarin. Yaron shago da ya saba da iri ɗaya, ya ga baƙa ya haɗa da baƙa don launi ya dace, yana iya ƙona sabon maleji kafin mai shi ya gama biyan kuɗinsa. Shi ya sa in ka kai aikin nan wurin mai wayarin, ka ga bai ɗauko mitar gwada wuta ba, ya fara yanka da reza, ka ce masa, masta, a dakata tukuna.

Akwai wani tarkon kuma. A ƙananan babura da yawa, fitilar gaba ba daga batir take shan wuta ba, kai tsaye daga kwail ɗin inji take sha, wutar da ke hawa da sauka tare da totur. Kwan fitila bai damu ba. Maleji mai lamba kuwa yana son tsayayyar wutar batir mai bolt 12. In aka jona shi a layin fitila sai ya riƙa ƙyaftawa, ya ɗauke, ya dawo, wata rana ya tafi gaba ɗaya. Haka nan masu yawo da mataccen batir suna tayarwa da kik, su ma malejin ba ya daɗewa a hannunsu, don batir ne ke shanye haukan wutar da inji ke turowa. Galibin malejin nan kuma wayar wuta biyu gare shi: ɗaya ta riƙe agogo, tana kan batir kullum, ɗaya ta bayan makulli. A haɗe su biyun kai tsaye a batir, gilashin ya kwana yana ci, da asuba a tashi babu sitata. A sa fiyus a layin, ko da ƙarami ne. A liƙe mahaɗar wayoyi da dalma a rufe da kyau, don murɗe waya da hannu a naɗe da salatif ba ya wuce damina ɗaya.

Ma'aunin mai shi ma sai an saita. Abin da ke cikin tanki ɗan tulu ne da ke iyo a kan fetur, yana sauya ƙarfin da wuta ke bi ta cikinsa. Kamfanoni ba su daidaita a kan awo ɗaya ba, shi ya sa za ka ga zaɓi a cikin malejin, 100 ko 510 a mafi yawansu. A zaɓi wanda bai dace ba, tanki na cike yana nuna rabi, ko mai ya kusa ƙarewa yana nuna saura da yawa. Wanda ya taɓa tura babur tsakanin Walewale da Bolga da tsakar rana ya san abin da wannan ke nufi. Wasu baburan ma ba su da tulun ko kaɗan, famfon rizab kawai gare su. A irin waɗannan, layin man da ke kan gilashi ado ne, kuma mai sayarwa ba lallai ya gaya maka ba. Haka lambar giya: babur ɗin da ba shi da wayar kowace giya daga inji, firi kaɗai zai iya nunawa.

In kuma ka ga lambar juyin inji na hauka, tana tsalle daga dubu biyu zuwa dubu tara babur na tsaye, sau da yawa fulogi ne. Mai harafin R a lambarsa, kamar CR7HSA maimakon C7HSA, yana rage hayaniyar wutar da ke rikita na'urar. Kafin ka biya, ka fito da gilashin rana ka duba. Da yawa suna da kyau a inuwar shago, a hasken azahar kuwa ba ka ganin komai sai fuskarka.

Batun da ba a cika yi a bakin shago ba shi ne na kilomita. Sabon maleji daga sifili yake farawa. Babur ɗin da ya ci kilomita dubu sittin yana jigilar mutane da buhuna, yau an saka masa gilashi, bayan wata uku yana nuna dubu huɗu. Wasu irin ma ana iya shigar musu da duk lambar da aka ga dama. A cinikin babur na hannu, inda ake sayayya tsakanin maƙwabta da abokan sahu a masallaci, wannan ƙofa ce ta ha'inci a buɗe, kuma ba sai mai sayarwa ya furta ƙarya ba, shirunsa ya isa. Dattawan Zango sun sha zaman sulhu a kan abin da bai kai wannan ba. Mai saye ya daina kallon lambar gilashi ita kaɗai, ya duba sarƙa da haƙoran sufuroket, ya duba robar takawa, ya saurari inji da safe kafin ya yi zafi.

Shi kansa mai babur ɗin yana cutuwa da wannan sifilin, ko da bai yi niyyar sayarwa ba, don lissafin juyen baƙin mai da na sauya sarƙa duk a kan kilomita suke. Wanda kuma babur ɗinsa sabo ne, garantin dila bai ƙare ba, ya tambaya kafin a taɓa, domin yanka wayarin na iya soke shi. Wanda yake biyan babur ɗin wani, ya nemi izinin mai shi.

Ranar da za a cire tsohon maleji, a ɗauki hotonsa da lambar da ya tsaya a kai, a rubuta ta tare da kwanan wata a bayan rasit ɗin sabon, a haɗa da takardun DVLA. Tsohon kan kuma kada a bar wa yaran shago. A sa shi a leda a ajiye a gida, ranar sayarwa a miƙa wa mai saye tare da makulli.