Matsakaicin Babur da Baburan Tsere: Wa Ke Bin Wa a Titunan Fagge da Sabon Gari?

Duk wanda ya saba zama a rumfunan masu gyaran babur na Fagge, ko shagunan kayan gyara na Sabon Gari, ya san musun da ba ya ƙarewa a bakin samari: shin mai babur ɗin 400cc ko 650cc zai iya jerawa da masu manyan baburan tsere, ko kuwa ƙura kawai zai sha? A idon mai tafiya a ƙasa duk fawa-baik ne, amma su mahayan sun san akwai gaba da gabanta. Wani ya rantse ya ga ƙaramin ya bar babba a kwana, wani ya ce ko hayaƙinsa ba zai hango ba. Zancen ya wuce hira, domin a kansa wasu ke zuba miliyoyin naira, wasu kuma suke murɗa totur fiye da iyawarsu don kada a ce an bar su a baya.

Girman inji daban, ƙarfi daban

Lambar cc da ake rubutawa a jikin babur girman cikin silinda take nunawa, wato yawan iska da man da injin ke iya shaƙa. Ƙarfi kuwa da awon doki ake lissafa shi. Boksa ɗin Bajaj mai 100cc, wanda ya cika ƙauye da birni, ƙarfinsa wajen doki 8 ne. Kawasaki Ninja 400 na da wajen doki 45. Suzuki SV650, wanda ya fara fitowa a 1999, da Yamaha MT-07 kowannensu ya ɗan haura doki 70. Waɗannan ukun su ne matsakaita. A sama da su akwai Yamaha R6 mai kusan doki 120, sai R1 mai 998cc da ke taɓa doki 200.

Abin lura a nan shi ne R6 599cc ne, SV650 kuwa 645cc, amma ƙaramin ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Dalilin yana cikin saurin juyawar inji. SV650 silinda biyu gare shi, manya, R6 kuwa huɗu ne ƙanana. Kamar daka ne: mata biyu masu manyan taɓare suna sauke duka mai nauyi a natse, mata huɗu masu ƙananan taɓare kuwa sai lugude ya kankama sannan aikinsu ke bayyana. SV650 na kai ƙololuwar ƙarfinsa a wajen juyi 8,500 a minti, shi ko R6 sai ya kai juyi 14,500. Ƙasa da haka, a irin juyin da ake tafiya da shi cikin gari, matsakaicin ya fi saurin amsa totur, na tseren kuwa yana nan bai farka ba.

Ko a tashin farko daga tsaye tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. R1 kan kai gudun kilomita 100 a awa cikin kusan daƙiƙa uku, SV650 cikin kusan huɗu. Babban ba zai iya zuba duk ƙarfinsa a lokacin ba, don tayar gaba za ta ɗaga sama ko ta baya ta zame.

Inda babba ke nuna girmansa

A miƙaƙƙen titi marar kowa babu musu, matsakaici ba zai bi na tsere ba. SV650 na tsayawa a wajen kilomita 200 a awa, R6 ya wuce 250, R1 kuwa na'ura ce ke taƙaita shi a 299. Wannan iyaka ta samo asali ne bayan Suzuki Hayabusa ya fito a 1999 ya haura kilomita 300, abin da ya sa manyan kamfanoni suka daidaita a tsakaninsu cewa ba za su ƙara wuce nan ba, gudun kada gwamnatocin Turai su kafa musu doka.

To me ya sa ƙarfin R1 ya ninka na SV650 kusan sau uku amma gudun bai ko ninka biyu ba? Iska ce. Idan gudu ya ninka biyu, turjiyar iska na ninka huɗu, ƙarfin da ake bukata don ratsa ta kuma ya ninka takwas. Saboda haka mafi yawan dawakan da ke cikin babban inji suna jiran gudun da ya haura kilomita 200 ne kafin su sami aikin yi.

Da zarar hanya ta fara lanƙwasa kuwa, lissafin ya sauya. Saurin shan kwana ba inji ke yanke shi ba. Riƙon taya da kwalta ne, da iya kwantar da babur, da natsuwar mahayi. Gasar tsibirin Isle of Man, da ake yi a kan titunan jama'a masu tsawon kilomita 60 da ɗoriya, ta nuna haka ƙarara. A 2023 Peter Hickman ya zagaye hanyar da matsakaicin gudun kusan kilomita 219 a awa a kan BMW mai 1000cc. A rukunin baburan silinda biyu na 650cc kuwa, waɗanda ƙarfinsu bai kai rabin nasa ba, gwanaye sun haura kilomita 190. Wannan a titin da aka rufe, aka share, kuma a hannun waɗanda tsere ne sana'arsu.

Titinmu ne alƙali

Yanzu a dawo da lissafin gida. A ɗauki mahayi biyu su tashi daga Wapa, su bi ta Bata da 'Yankura zuwa France Road da rana tsaka. Tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana goyo a babur cikin birni, Adaidaita Sahu suka maye gurbin 'yan acaɓa. Mai Adaidaita da ya hango fasinja zai karya kan keke zuwa gefe ba tare da sigina ba. Ga masu kurar ruwa, ga 'yan dako da dilolin atamfa sun nufi Kantin Kwari, ga tirela na sauke kaya a Singa, ga yashi da ruwan sama ya tara a bakin kwalbati. A irin wannan hanya gudun kowa ɗaya ne, kuma sau da yawa tsoho a kan roba-roba ya riga su isa.

R1 na iya kai kusan kilomita 150 a giya ta ɗaya kaɗai, don haka mai shi zai wuni yana wasa da kuloci bai ga giya ta uku ba. A zafin watan Afrilu, lokacin da awo ke haura digiri 40, lagireto na bukatar iska ta riƙa ratsa shi. Cikin cunkoso fanka ce kaɗai ke aiki, zafin injin kuma a cinyoyin mahayi yake sauka. Zamansa na kife ne, nauyin jiki a kan wuyan hannu, kan babur ɗin ba ya juyawa sosai, robar ƙasa kuma na gogar duk tudun rage gudu. Mai matsakaici yana zaune a miƙe, yana hango abin da ke gaban Adaidaita, yana kurɗawa cikin sauƙi. Ga batun mai, wanda tun cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama abin lissafi ga kowa: lita ɗaya takan kai matsakaici fiye da kilomita 20, na tsere kuwa da ƙyar ya yi 15.

Gadar sama ta titin Murtala Muhammad ita ce inda samari ke ganin sun sami fili. Amma a lissafa: tafiyar kilomita biyu a gudun 60 minti biyu ce, a gudun 120 minti ɗaya. Ribar kenan gaba ɗaya, daƙiƙa 60, kuma a gangaren gadar cunkoso na jiran kowa.

Birki ba ya sanin sunan babur

Mai gudun kilomita 50 a awa, daga lokacin da ya ga haɗari zuwa tsayawarsa cak, yana cin kusan mita 28 a busasshiyar kwalta. A gudun 100 sai ya ci fiye da mita 80. A 200 kuwa tazarar ta doshi mita 280, kuma kafin ma yatsunsa su taɓa birki ya shafe mita 55. Wannan ƙa'ida ɗaya ce ga Ninja da R1. Idan aka haɗa da tayar gwanjo da ta daɗe a ajiye ta bushe, tazarar ta ƙaru. Kowace taya na ɗauke da lambobi huɗu a gefenta masu nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, kuma ya kamata mai saye ya duba su kafin ya miƙa kuɗi.

Haɗarin da ya fi damuna shi ne na wanda ke ƙarshen ayari. A rakiyar amarya, ko yawon Sallah, ko fita hanyar Zariya ranar hutu, na gaba kan fizga da zarar danja ta saki. Na baya, wanda galibi shi ne sabon hannu mai ƙaramin babur, sai ya yi gudun da ya fi na kowa kafin ya cike giɓin. Idonsa na kan fitilar abokinsa, ba ya kan titi. Ya shiga kwana da saurin da bai saba ba, ya tsorata, ya damƙe birki. Asibitin Ƙashi na Dala da na Murtala sun san ƙarshen irin wannan labari, haka ma iyayen da ke kwana a barandunsu. Ayarin da ya san abin da yake yi yakan sa sabon hannu kusa da jagora, gwani ya tsare baya, a kuma yi alkawarin jiran juna a mahaɗa ta gaba don kada kowa ya ji dole sai ya kamo wani.

Abin da ya rage mana

Dokar hanya ta Najeriya ta tsayar da kilomita 50 a awa a cikin gari. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano a ranar 1 ga Janairun 2009, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu, daga baya kuma abin ya yi sanyi. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa hula mai kyau, idan an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 70.

A Tarayyar Turai, tun 2013, saurayi mai lasisin A2 ba ya hawa babur ɗin da ya wuce doki 47 sai ya yi shekara biyu yana gogewa, ko kuma shekarunsa sun kai 24. A nan kuwa mai kuɗi na iya sauka daga roba-roba da safe ya hau doki 200 da yamma. Ya kamata hukumar kiyaye haɗurra da hukumar kula da zirga-zirga ta Kano, KAROTA, su dubi wannan giɓi, a raba lasisi gwargwadon ƙarfin babur, a kuma ware wa masu sha'awar gudu rufaffen fili inda za su gwada kansu ba tare da sun haɗa da ɗan makaranta mai tsallaka titi ba. Dillalai da makanikai ma suna da hakki, domin su saurayi ke fara tambaya kafin ya saya.

Ga wanda ke riƙe da kuɗinsa yana shawara, amsar a fili take. Matsakaicin babur zai jera da kowa daga Fagge zuwa Sabon Gari, zai kuma yi gudun da ya ninka abin da doka ta yarda a kowane titi na ƙasar nan. Ya saye shi, rarar kuɗin ya zuba a sababbin tayoyi, da birki mai kyau, da hular kwano, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Idan masu manyan babura suka fizga a miƙaƙƙen titi, ya bar su su tafi. Iya ruwa fid da kai, kuma gwanin mahayi shi ne wanda iyalinsa ke jin ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida kowace yamma.