Wutar da ke gudana a jikin ɗan Adam



A farkon shekarun 1900, a garin Leiden na ƙasar Holan, likita Willem Einthoven yakan sa mutum ya tsoma hannuwansa da ƙafa ɗaya cikin bokitan ruwan gishiri. Daga nan wayoyi ke tafiya zuwa wata ƙatuwar na'ura mai nauyin kusan kilo 270, wadda sai mutum biyar sun taru suke iya sarrafa ta. Abin da yake farauta shi ne 'yar wutar lantarkin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu. Ya kuwa kama ta, ya raɗa wa tudu da kwarin zanenta haruffan P, Q, R, S da T, sunayen da likitoci ke kira har yau a gwajin ECG. A 1924 aka ba shi kyautar Nobel.

Ɗaukar zanen ya zo da sauƙi daga baya, karanta shi ne jan aiki. Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a kwana guda, kuma bugun da ya kauce hanya yana iya zama ɗaya tak cikin dubbai. Wane likita ne zai zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya?

Mafita ta ɓullo daga birnin Boston na Amurka. Masu bincike na jami'ar MIT da asibitin Beth Israel sun naɗi bugun zuciyar mutum 47, suka fitar da faifai 48 na rabin sa'a kowanne, sannan likitocin zuciya suka bi bugu kusan 110,000 suna yi wa kowanne alama da hannu. Aiki ne na haƙuri, irin na mai tsince tsakuwa a shinkafa. Da aka saki wannan taska a 1980, duk mai ƙirƙirar manhajar karanta zuciya ya samu ma'aunin da zai gwada aikinsa. A 2019 masu bincike na jami'ar Stanford suka horar da kwamfuta da zane fiye da 91,000 daga marasa lafiya sama da 53,000, ta iya bambance nau'in bugu 12, ta yi kafaɗa da kafaɗa da ƙwararrun likitoci.

Wannan albishir ne ga garuruwan da likitan zuciya ke da wuyar gani. Sai dai na'ura abin da aka nuna mata ta sani. An daɗe da gano cewa zanen zuciyar lafiyayyun samari baƙar fata yakan zo da wasu siffofi da za a iya ɗauka cuta ce, don haka dole a gwada irin waɗannan manhajoji a kan mutanen Afirka kafin a sakar musu ragama.

Irin wannan wuta ta zuciya ce kuma ke bin laka, igiyar da ke cikin ƙashin baya, tana kai saƙon ƙwaƙwalwa ga gaɓoɓi. Idan mutum ya karye a wuya, a haɗarin mota ko na babur, ba ƙafafu kaɗai ke mutuwa ba. Jijiyoyin da ke umartar zuciya ta ƙara sauri ta cikin laka suke bi, shi ya sa a makonnin farko bugun irin wannan majinyaci kan yi ƙasa sosai, sai an sa masa ido da na'ura dare da rana. Laka kuma ba ta tohowa da kanta yadda fata ke warkewa.

Nan ne masu bincike suka koma ga dashen ƙwayoyin halitta. A 2010 kamfanin Geron na Amurka ya fara gwaji a jikin mutane, amma shekara guda bayan nan ya dakatar saboda kuɗi. A 2012, a birnin Wroclaw na Poland, likitoci suka ɗebo ƙwayoyi daga sashen jin ƙamshi na ƙwaƙwalwar wani mutum da aka yanke wa laka da wuƙa, suka dasa masa a wurin raunin. Bayan dogon lokaci ana yi masa gashi da motsa jiki, ya taka da abin dogarawa. Amma mutum ɗaya ne, kuma kimiyya ba ta yanke hukunci da mutum ɗaya.

Japan ce ta fi zurfafawa. Ɗan ƙasar, Shinya Yamanaka, ya gano yadda ake mayar da ƙwayar fata ta koma ƙwayar asali mai iya rikiɗa zuwa kowace iri, abin da ya ba shi kyautar Nobel a 2012. Da wannan dabara ce Hideyuki Okano da abokan aikinsa na jami'ar Keio suka dasa wa majinyata huɗu ƙwayoyi kimanin miliyan biyu kowanne, tun daga ƙarshen 2021. A watan Maris na 2025 suka sanar cewa biyu sun samu sauƙi a motsi, ɗaya har yana miƙewa tsaye, sauran biyun kuwa ba su ga canji mai yawa ba. Babbar fargabar likitoci ita ce kada ƙwayoyin su rikiɗe su zama ƙari, kuma a shekarar da aka yi ana bibiyar kowannensu ba a ga hakan ba. Wasu masu irin wannan rauni sukan ɗan farfaɗo da kansu, don haka sai an yi gwaji a kan mutane da yawa kafin a tantance ko dashen ne ya tayar da mutumin da ya miƙe.