BATIRIN MOTAR AIKI: INDA YAKE, YADDA AKE TA DA SHI DA YADDA AKE SAUYA SHI

Gabatarwa

Motar aiki ita ce mota mai rufaffen baya da ake ɗaukar kaya ko ma'aikata da ita, kamar Toyota Hiace, wadda direbobi ke kira Hayis, da Ford Transit da Mercedes Sprinter. Idan batirin irin wannan mota ya mutu, aikin yini ya tsaya, wanda kuma ya taɓa shi ba da sani ba yana iya ƙona wayoyin mota ko ya ji wa kansa ciwo. Wannan maƙala za ta yi bayanin inda batirin yake, da yadda ake ta da shi, da yadda ake sauya shi.

Mene ne Batir?

Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro batir mai dalma da ruwan asid a shekarar 1859. Batirin mota yana da ɗakuna 6, kowanne yana ba da wutar da ta ɗan haura bolt 2. Cikakken batir yakan nuna bolt 12.6 a ma'auni, idan kuma inji yana aiki yakan kai wajen 14, domin altaneta tana yi masa caji. Alamomin rauninsa su ne fitilu su dushe, sannan a murɗa makulli a ji ƙas-ƙas, inji bai juya ba.

Inda Batir Yake

A ƙananan motoci akan buɗe bonet a gan shi, amma a motar aiki ba lallai ba ne. A tsofaffin Hiace inji yana ƙarƙashin kujerun gaba, batir kuwa yana ƙarƙashin kujera ko cikin wani rami mai murfi a bayanta. A Transit yana ƙarƙashin kujerar direba. A Sprinter ƙirar 2006 zuwa sama, yana ƙarƙashin daɓen da direba ke ɗora ƙafa. Saboda wahalar kaiwa gare shi, Transit da Sprinter suna da wani ƙarfe mai alamar + a cikin bonet, wanda ake maƙala wa waya.

Ta da Mataccen Batir

A samo mota mai batirin bolt 12. Kada a yi amfani da babbar mota mai bolt 24, domin za ta ƙona kayan wuta. A matso da motocin ba tare da sun taɓa juna ba, a kashe su, sannan a bi wannan tsari:

1. Jar waya a kan + na mataccen batir.
2. Ɗaya bakinta a kan + na mai rai.
3. Baƙar waya a kan − na mai rai.
4. Ɗaya bakinta a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir.

Dalilin mataki na huɗu shi ne, batir yana fitar da iskar haidurojin mai saurin kama wuta, haɗin ƙarshe kuwa yakan yi tartsatsi. Daga nan sai a ta da mota mai rai, a jira kamar minti 5, a gwada ɗayar. Idan ta tashi, a cire wayoyin daga na huɗu zuwa na ɗaya, a yi tafiya da ita na aƙalla rabin awa. Batirin da ya kumbura ko ya tsage ko yake yoyo, ba a haɗa masa waya.

Sauya Batir

A sayi wanda ya yi daidai da tsohon a girma da ƙarfi, kawunansa kuma su kasance a ɓangare ɗaya da na tsohon. A kashe mota, a zare makulli, a cire zobe da agogo. A fara kwance wayar −, sannan ta +. Jikin mota gaba ɗaya a haɗe yake da −, saboda haka idan aka fara da +, sifana ta taɓa jikin mota, wuta za ta tashi. A goge farin garin da ya taru a bakin wayoyi, a ɗora sabon batir, a ɗaure shi tamau, a haɗa + kafin −. Batirin da ke cikin ɗakin direba yana da siririn tiyo mai fitar da iskarsa waje, kada a manta a mayar da shi. Tsohon kuwa a mayar wa masu sayar da batir, domin dalma guba ce, musamman ga yara.

Kammalawa

Idan sabon batir ya sake mutuwa cikin 'yan kwanaki, to a kai motar wajen mai gyaran wuta ya duba altaneta, ko wata waya da ke shan wuta bayan an kashe mota. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, don haka direba ya san inda batirinsa yake tun kafin ranar buƙata, ya kuma ajiye wayoyin haɗi da sifana a cikin mota.