Mota Mai Ɗaki a Cikin Tenere

Akwai wata irin mota wadda ba ta ɗaukar fasinja, ba ta ɗaukar buhunan hatsi. Gida ne take ɗauke da shi a bayanta. In an buɗe ƙofa sai a ga gado, da ɗan teburi, da murhun gas, da tankin ruwa a ƙarƙashin wurin zama. Wasu har da firigo da wurin wanka. Turawa ne suka fi amfani da irin wannan mota, don yawon buɗe ido. Inda dare ya riske su, nan ne masaukinsu.

A shekarun 1970 da 1980 motocin nan suna shigowa Nijar da yawa a lokacin ɗari. Daga Turai suke fitowa, su ratsa Aljeriya, su biyo ta Tamanrasat da Asamaka da Arlit, su sauka Agadas. Daga nan wasu su nufi duwatsun Abzin, wasu su yi gabas su faɗa Tenere. Tun daga tawayen shekarar 2007, da satar mutane da ta biyo baya, baƙin sun ragu ƙwarai. Amma hamada ba ta sake hali ba. Dokokin da baƙin suka koya su ne direbobin Dirku da na Bilma suke bi.

Tsakanin Agadas da Bilma akwai wajen kilometir 600. In an cire garin Fashi da ƴan rijiyoyi ƙalilan, babu kowa a hanya. Babu famfo, babu kasuwa, babu gidan mai, babu makanike. Abin da aka loda a Agadas shi kaɗai ne dukiyar matafiyi. Shi ya sa tafiyar Tenere da lissafi take farawa, tun ba a tada mota ba.

Ruwa ake fara lissafawa. A ce mutum huɗu ne za su yi kwana shida, kowa yana buƙatar litir 10 a rana, na sha da na girki. Litir 240 ke nan. Amma mai hankali ba ya tsayawa nan, domin mota tana iya lalacewa, guguwa tana iya tsare mutane kwana biyu ko uku wuri ɗaya. Sai ya ƙara rabin wannan, ya zama litir 360. Ba a zuba shi duka a tanki guda. Ana rarraba shi cikin jarkoki, don in ɗaya ta huje sauran su tsira.

To, ga inda wuyar take. Litir ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. Litir 360 ya kai nauyin manyan mutane biyar ko shida. Ga kuma mai, wanda mota take sha fiye da kima in ta shiga rairayi mai laushi. Duk abin da aka ƙara yana ƙara nauyi, mota mai nauyi kuwa ita ce mai nutsewa, mai nutsewa ita ce mai ƙone mai. Dole ne a zaɓa. Wurin wankan nan da ke cikin mota, na gari ne. A Tenere ado ne kawai. Ko kwanukan abinci da rairayi ake goge su, kamar yadda Buzaye suke yi, sa'an nan a ɗauraye da ɗan ruwa kaɗan.

Wutar lantarki ba ta da wahala haka. A kan rufin motocin zamani akwai faranti mai karɓar hasken rana, yana mai da shi lantarki, yana tarawa cikin batir. Da dare batirin ya ba fitila da firigo wuta. Batir biyu ake sawa: ɗaya na ɗaki, ɗaya na tada mota, ba a haɗa su. In firigo ya shanye batirin tada mota, wa zai tura ta a cikin rairayi? Kowace safiya kuma sai a share farantin, gama ƙura tana rage masa ƙarfi.

Da asuba ake kama hanya. A lokacin rairayi yana da sanyi, ya fi ɗaukar mota. In rana ta take sai ya yi laushi, injin kuma ya yi zafi. Kafin a shiga tudun rairayi ana rage iskar tayoyi. Taya mai ƙarancin iska tana bajewa, ta taka wuri mai faɗi, kamar yadda tafin raƙumi yake bajewa in ya taka ƙasa. In an fito wurin duwatsu sai a mayar da iskar, in ba haka ba dutse ya yanke ta.

Duk da haka mota takan kafe. Direban da bai san hamada ba sai ya yi ta taka wuta, tayoyi su yi ta juyawa, mota ta haƙa wa kanta rami har cikinta ya zauna ƙasa. Wanda ya sani yana tsayawa nan take. A fito da shebur a kwashe rairayin gaban tayoyi, a shimfiɗa wasu dogayen farantan ƙarfe masu huji-huji, mota ta hau kansu a hankali, mutane suna turawa. Wani lokaci sai an yi haka sau goma kafin a ci kilometir ɗaya.

Ana neman wurin kwana tun da sauran rana. Ba a sauka a kan hanya, don kada wata mota ta taka mutane cikin duhu. A ƙasar Abzin ba a sauka a cikin kori, ko da ya bushe ƙayau, ko da inuwarsa ta fi daɗi. Ruwan da aka yi a kan duwatsu, can nesa inda ba a ji ko tsawarsa ba, yana iya gangarowa cikin dare ya tafi da mota da masu ita. Wuri mai kyau shi ne bayan tudu, inda iska ba ta bugowa, a kan ƙasa mai tauri wadda za a iya tashi daga kanta da safe.

Da rana ta faɗi sai sanyi ya sauko. A watan Disamba da Janairu yakan yi tsanani har ruwa ya kusa daskarewa, alhali a watan Mayu zafin rana yana wuce digiri 40. Jagora Buzu yakan hura ƴar wuta, ya dafa shayi, ya binne curin fulawa cikin rairayi mai zafi da toka. Gurasar nan ita ake kira tagella. Da safe ba a zura ƙafa a takalmi sai an kakkaɓe shi, saboda kunama.

Itacen wutar nan daga nesa ake zuwa da shi. Ba a saran itace a hamada. A kan hanyar Bilma an yi wata itaciya tilo, wadda ayarin gishiri suka daɗe suna yada zango a gindinta, ba sa karya reshenta. Saiwoyinta sun nutsa fiye da metir 30 suna neman ruwa. A shekarar 1973 wata babbar mota ta banke ta. Busasshen kututturenta yana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Shara ma ba a barin ta: gwangwani da leda ba sa ruɓewa inda babu ruwa, sai a ƙulle su a koma da su gari.

Mota ɗaya ba ta shiga Tenere ita kaɗai. Biyu ne ko fiye, tare da jagora, Buzu ko Batube, wanda ya san rijiyoyi. Na'urar GPS tana nuna wa mutum inda yake, amma ba ta gaya masa ko rijiyar da ke gaba ta ƙafe. Kafin a tashi ana sanar da hukuma hanyar da za a bi da ranar da za a isa, don in an makara a san inda za a nema.

A watan Oktoba na shekarar 2013 wasu ƴan Nijar suka nufi Aljeriya neman abinci. Su ba ƴan yawon buɗe ido ba ne, ba su da tanki, ba su da firigo. Motocinsu biyu suka lalace a arewacin Arlit, ruwa ya ƙare, suka bazu da ƙafa neman rijiya. An tsinci gawa 92, mafi yawansu mata da yara. Ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku.

In mota ta mutu, masu ceto sun fi saurin ganin wanda ya tsaya kusa da ita, domin ana hango mota daga nesa, mutum a ƙafa kuwa ba a ganinsa. Ana ɗaura bargo ko tabarma a jikinta a yi inuwa, a kwanta, a bar magana da motsi sai rana ta yi sanyi. Ana raba ruwa da ma'auni. In an ji ƙugin jirgi ko na mota, sai a haska madubi wajensa, ko a cinna wa tsohuwar taya wuta. Baƙin hayaƙinta yana tashi sama, ana ganinsa daga kilometir masu yawa.