Katifar Asibiti da Gobara

Mai lafiya in ya ji ƙaurin wuta cikin dare, sai ya yi zumbur ya tashi ya nemi ƙofa. To, majinyaci fa? Wani an ɗaure masa karaya, wani an ba shi maganin barci, wani kuwa tsufa ne ya kwantar da shi. Inda wuta ta tarad da su, nan za su jira mai ɗauka. Ga shi kuwa, cikin kayan ɗakin jinya duka da wuya ka sami abin da ya fi katifa ba wuta abinci.

Katifa iri biyu ce. Akwai ta da, wadda a ke cusa wa auduga ko rimi. In guntun taba ya faɗa wa ta auduga, ba ta tashi nan da nan. Sai ta riƙa ci a ɓoye kamar wutar ƙaiƙayi, ta yi sa'o'i tana hayaƙi, mutum na bisa yana barci. Sa'an nan akwai ta soso, wadda ta cika kasuwanninmu yanzu. Da wani haɗi a ke yinta mai suna foliyuretan, wanda wani Bajamushe, Otto Bayer, da abokan aikinsa suka gano a 1937. Asalinsa man fetur ne, halinsa kuwa bai bar asalinsa ba. In harshen wuta ya taɓa soson da ba a yi wa magani ba, sai ya kama farat ɗaya, ya narke, ya riƙa ɗiga da wuta a ƙasa. Hayaƙinsa baƙi ne ƙirin, yana ɗauke da dafi biyu: irin iskar nan da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, da kuma wadda a ke kira sayanayid. Yawancin waɗanda gobara ke kashewa, hayaƙi ne ya ke gamawa da su tun wuta ba ta iso ba.

Mutanen Ingila sun koyi wannan da tsada. A 1979 wuta ta kama kujerun soso a wani babban kanti a birnin Mancesta, mutum 10 suka halaka. A 1988 aka kafa doka a kan soson kayan ɗaki. Katifa kuwa suna da ma'auni nata, sunansa BS 7177. Ga yadda a ke gwadawa: a ɗora taba mai ci a bisa katifa, a kuma kanga mata wuta kamar ta ashana. Ta gida in ta jure waɗannan, ta ci. Amma ta asibiti sai an ƙara jera 'yan itatuwa kamar murhu a bisanta, a cinna musu wuta, a ga ko katifar za ta mutu don kanta. Ɗakunan da hatsari ya fi yawa, a kan ƙara girman itacen. A Amurka ma an fara gwajin taba a 1973, aka ƙara na harshen wuta a 2007.

Ka lura, mai karatu, katifar da ta ci gwaji ba wai ba ta ƙonewa ba ne. Jinkiri kaɗai ta ke yi, don masu jinya su sami 'yan mintocin fid da mutane. Jinkirin nan kuwa, da yawansa a rigar katifa ya ke. Rigar da ta yage, soso ya leƙo, ta bar wa wuta ƙofa. Ni a ganina, mai duba ɗakin jinya ya kamata ya ɗaga zanen gado ya duba ɗinki, kamar yadda akawu ke duba lissafi.

Akwai kuma iskar oksijin da a ke ba mai wuyar numfashi. Iskar duniya kashi 21 cikin 100 ne kaɗai oksijin. In ta tukunya ta yoyo ta shiga zane da katifa, abin da da ba ya kamawa sai ya kama kamar karmami. A Bagadaza a 2021, tukunyar oksijin ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib, mutum 82 suka mutu. Sabo da haka ba a kunna ashana ko taba kusa da gadon mai shan iskar nan.

A wajenmu hatsarin ya kan shigo ta hannun masu ƙauna. 'Yan uwa su zo jinya da katifarsu ta kasuwa, su shimfiɗa a ƙasa. Lantarki ya ɗauke, a kafa kyandir a gindin gado, a kunna maganin sauro kusa da gidan sauro. Ba wanda ya yi nufin mugunta, amma fitilar batir ta fi.

In katifa ta soma hayaƙi, a fara kawad da majinyaci, a rufe iskar oksijin, sa'an nan a zuba ruwa sosai. Kada a mai da ita gado don an ga wuta ta mutu, gama ta auduga ta kan farfaɗo daga ciki. A fitar da ita waje, a tsaga, a jiƙa cikinta sharkaf.