Kifin da ke manne wa dutse, da abin da ke manne wa kifinka



Duk wanda ya taɓa sa injin iska a kwamin kifi ya san 'yar robar nan mai kama da faifai da ake manna tiyo da ita. A jikin gilashi ko tayil tana kamawa gam. Amma a bangon siminti, wallahi ko minti biyar ba ta yi. A kwamina na nan Yola ta wajen Ƙaraye, da na gaji sai na ɗaure tiyon a jikin dutse na huta.

Ashe akwai kifin da Allah Ya hore wa abin da robar ta kasa. Turawa na ce masa clingfish, ɗan ƙarami ne, yana zaune a gaɓar tekun Fasifik ta yammacin Amurka inda igiyar ruwa ke dukan duwatsu dare da rana. A ƙirjinsa akwai faifai da ƙegoginsa suka haɗu suka yi. Masana a Jami'ar Washington sun auna ƙarfin riƙonsa a 2013, suka samu yana iya kaiwa ninki 230 na nauyin jikinsa. Kuma ya fi kamawa a wuri mai kaushi.

Yadda abin yake, ka tuna ƙahon wanzami. In ya zuƙe iska ya toshe, ƙahon ya kama fata. Da iska ta samu kafa a gefe, shi ke nan ya faɗi. To, sirrin yana bakin faifan. Na kifin nan laushi gare shi, yana shiga kowane ɗan rami na dutsen ya toshe, sannan akwai wasu gasu ƙanana da ido ba ya gani da ke hana bakin zamewa. Ta sama kuma ƙashi ne ke tallafe da shi don kada ya lotsa. A 2019 Petra Ditsche da Adam Summers na wannan jami'ar suka kwaikwayi hakan da roba iri biyu, mai tauri a sama, mai laushi a baki, ta kama wuri mai kaushi a cikin ruwa. Burinsu a riƙa manna na'ura a jikin manyan dabbobin teku ba tare da an huda fata ba. Su ma 'yan Jami'ar Beihang ta Sin da ta Harvard sun yi nasu a 2017, daga kifin remora da ke manne wa kifin shak ya sha tafiya kyauta.

Kogunan Afirka ma ba a bar su a baya ba. Akwai ƙananan dangin ƙurungu, Chiloglanis, masu baki kamar faifai, suna kama dutse a inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Tarwada ita ba ta mannewa, amma ƙwanta na yi, shi ya sa masu ƙyanƙyasa ke shimfiɗa raga.

Yanzu ga inda zancen ya shafi aljihunka. Akwai wata halitta, kwarkwatar kifi, a littafi Argulus. Faɗi gare ta, ba ta kai girman farcen ƙaramin yatsa ba, kuma tana da irin wannan faifan har guda biyu a ƙarƙashinta. Da su take kama jikin kifi, duk yauƙin tarwada kuwa, ta huda fata tana tsotsa. Za ka ga kifi na goga jiki a bango, ya rage cin abinci, jajayen tabo sun fito. Ta wannan raunin ne ƙwayoyin cuta ke shiga, kuma yawanci su ne ke ƙarasa kifin.

Ni da hannuna na kawo ta. Abinci ya yi tsada, sai na ce bari na yi dabara, na riƙa sayen ƙananan kifin rafi masu rai ina zuba wa tarwada. Bayan 'yan makonni na fara tsintar gawa da safe. Arha ta zama tsada. Mu da ke kusa da dam ɗin Challawa da ƙananan rafuka, wannan jarabawar kullum tana bakin ƙofa, don kifin ruwa da ruwan kansa duk a kusa suke.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne canjin ruwa bai yi komai ba. Dalili, macen tana sauka daga jikin kifi ta je ta manna ƙwanta layi-layi a bango, dutse ko bututu. Ka zubar da ruwa, ƙwai na nan daram. Gishirin da muke gudu gare shi a kowace matsala ma bai cika yi mata komai ba.

Abin da ya yi min aiki: na kwashe kifin, waɗanda na ga kwarkwata a jikinsu na cire da hantsaki a hankali. Na goge bango da burushi, na barbaɗa laim, na bar kwamin ya sha rana ya bushe ƙayau, sannan na wanke sosai kafin na mayar da ruwa. Mai kwamin ƙasa da ba zai iya busarwa ba, ya jefa 'yan katakai a ruwa, ta yi ƙwai a kai, duk bayan kwana kaɗan ya ciro ya shanya a rana. Don Allah kada wani ya ce maka ka zuba maganin ƙwarin gona, kifin nan mutane ne za su ci. In abin ya yi yawa a nemi likitan dabbobi.

Sabon kifi kuwa, ko daga wa na saya, sai ya yi mako biyu a wani tanki dabam ina kallonsa, da ragarsa da bokitinsa. Dutsen nan da na ɗaure tiyo da shi ma, duk sati sai na ɗaga na duba ƙarƙashinsa.